Ni ma'aikaci ne a Abuja, bashi ya yi min katutu kuma matata ba ta sani ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Abuja, ina zaune a Kubwa da matata da yara 3. Albashina dubu 220 ne, kwafaretib ɗin ofis suna cire dubu 55 duk wata. Hayar gidana miliyan 1 da rabi a shekara, makarantar yara dubu 120 kowane yaro a zango, ga motar da nake zuwa ofis da ita. Yanzu haka kwafaretib na bi na dubu 600, manhajojin bashi na waya guda 3 dubu 190, abokin aikina dubu 150, yayan matata dubu 300, mai shagon layinmu dubu 45. Ɗaya daga cikin manhajojin dubu 50 na karɓa zan mayar da dubu 65 a kwana 30, kuma sun fara barazanar tura wa mutanen cikin wayata saƙo. Matata ba ta san komai ba, yayan nata ma roƙonsa na yi kar ya faɗa mata. Ga bikin ƙanwata bayan Babbar Sallah, an yanka min dubu 500 na kayan ɗaki wai ni ne na Abuja. Wani banki ya ce zai ba ni miliyan 2 a riƙa cira daga albashi. In karɓa in sallami kowa in huta? Wallahi ba na iya barci.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yaye maka, ya nuna maka bayan wannan abu da ranka da lafiyarka. Bari in fara da abin da ka tambaya kar in yi ta kewaye-kewaye, kar ka karɓi miliyan biyun nan. Ko da fom da biro suka biyo ka har teburinka ka ce musu ka gode.

Ba ƙin hutunka nake ba, lissafin da kai da kanka ka rubuto ne ya ce haka. Hayar miliyan 1 da rabi in ka raba ta wata 12, dubu 125 ke nan duk wata. Yara uku dubu 360 a zango, zango uku miliyan 1 da dubu 80, wato dubu 90 a wata. Haɗa su, dubu 215. Ka ga ke nan mai gidan haya da mai makaranta sun raba albashinka tsakaninsu sun bar maka dubu 5, kuma kar ka manta kwafaretib sun riga sun zare nasu tun kuɗin bai taɓa hannunka ba. Ba a auno mudun shinkafa ba, ba a zuba wa mota mai ba, ba a sa yunit a mita ba, ba a cika gas ba, mai ruwa bai turo kura ba, yaro bai yi zazzaɓi ba. To da me kuke ci duk tsawon lokacin nan? Da bashi kuke ci, sai ɗan alawus in ya faɗo jefi-jefi. Naka ba irin na wanda tsautsayi ya faɗa wa sau ɗaya ba ne, gobara ko asibiti, wanda in aka tallafa masa ya miƙe shi ke nan. Kai tsarin gidan ne yake haifar da sabon bashi duk ƙarshen wata, kamar jarkar mai ruwa ce da ta huje a gindi, ko sau nawa aka kai ta bohol a hanya za ta tsiyaye.

A ce ma ka karɓa ɗin. Duka basussukan da ka lissafa miliyan 1 da dubu 285 ne, ka ɗora dubu 500 na biki, saura dubu 215 a hannunka, cefanen wata ɗaya da man mota sun cinye. Sai kuma biya. In a shekara 2 za su cire, uwar kuɗin kaɗai ta haura dubu 83 a wata, ba a sa kuɗin ruwa ba, kuma ka san a Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai nasa ma'aunin ruwan kashi 27.5 cikin ɗari, bankin kasuwa kuwa ba ya ba ɗan albashi bashi sai da ƙari a kai, ga kuɗin inshora ga na kaza ga na kaza. Wato ka sauke cirar dubu 55 ka ɗauki wadda ta ninka ta, haya na nan tafe, zango na nan tafe, kafin wata uku ka koma manhajojin nan da albashin da ya fi na yau ƙanƙanta. Kuma banki ba abokin aikinka ba ne da za ka ba haƙuri a masallacin ofis, tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, in ka gaza biya suna iya bin BVN ɗinka su kwashe daga duk wani asusu naka a wani bankin. Wannan duk ban ma taɓo zancen riba ba, wadda ka san matsayinta ba sai na karanta maka ba. In kana tunanin bankunan da ba ruwa irin su Jaiz da TAJ, su galibi kaya suke saye su sayar maka ka biya a hankali, kuma shi ma ɗin nauyi ne a kan albashin nan dai guda ɗaya.

Ban ce duk laifinka ba ne fa. Kowa a garin nan ya ji a jikinsa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta haura 1,000 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar, mafi ƙarancin albashin da aka mayar dubu 70 bai kamo ƙafar kasuwa ba. Abin da ya faru da kai shi ya faru da ma'aikata da yawa, ka gina rayuwa a kan farashin da, farashin ya tafi ya bar ka, kai kuma maimakon ka sauko sai ka riƙa cin bashi kana tokare rayuwar don kar a ga ta sunkuya. Ni a karatun da na yi wa wasiƙarka, rabin bashin nan ba ciki ya ci ba, ido ne ya ci. Idon maƙwabta, idon 'yan ofis, idon mutanen gida da ke cewa kai ne na Abuja.

Shi ya sa aikin farko ba na banki ba ne, na cikin ɗakinka ne. Ka faɗa wa matarka. Na san nan ne ya fi maka nauyi, namiji zai iya tsayawa gaban darakta ya roƙi bashi amma ya kasa buɗe baki gaban matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Amma bari in gaya maka a matsayina na mace, ta san akwai wani abu. Mutumin da ke juyi a gado har asuba, wayarsa na ƙara yana kifa ta, yana fita waje amsa kira, kana zaton ba ta lura ba? Ta lura, abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma zuciyar mace in ba a ba ta amsa ba ita take ƙirƙiro tata, wataƙila ma yanzu haka zarginta aure za ka ƙara. Sannan duk abin da take tambayarka, ankon bikin ƙawa ne, canjin labule ne, kazar ranar Juma'a ce, a kan abin da kake nuna mata take lissafi. Ka nuna mata mota da gida mai ɗaki biyu da falo, ka ce komai lafiya, in ta nemi leshin dubu 40 ba ta yi laifi ba, kai ne ka ba ta lissafin bogi.

Mafi muni a ciki shi ne na yayanta. Ka sa ɗan'uwanta na jini yana ɓoye mata magana, ranar da ta ji daga bakin matarsa, kuma za ta ji, ba kuɗin ne zai ƙona mata rai ba, a ce kowa a gidansu ya san halin da mijinta ke ciki sai ita. Ko ta ji daga saƙon 'yan manhaja da ke kiranka ɓarawo. Ka riga su. In yara sun kwanta ka ɗauko takarda, ka rubuta sunan kowa da abin da yake bin ka, ka rubuta albashinka na gaskiya a sama, ka miƙa mata. Kar ka rage ko sisi don ka sassauta, in ka faɗi rabi yau rabin ya fito gobe ka rasa yardarta sau biyu. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi na kwana biyu, haƙƙinta ne, ka daure. Abin da na sha gani shi ne bayan fushin matan nan su suke fi mazan iya tsuke bakin aljihu, ita ta san inda kuɗin cefane ke zurarewa, kai ba ka sani ba. Abu ɗaya dai, in tana da 'yan kunne ko sarƙar gwal, nata ne, ciyarwa da muhalli a wuyanka suke ba a wuyanta ba. Kar ka kalle su, kar ka yi mata hannunka-mai-sanda. In ita ta kawo da kanta ku yi magana a fili, kyauta ce ko aro, in aro ne a rubuta.

Sai Hajiyarku da batun biki. Dubu 500 ba ka da ita, magana ta ƙare. Kayan ɗaki taimako ne da 'yan'uwa ke yi wa iyaye, kuma abu ne mai kyau, amma ban san malamin da zai ce ka ci bashi da ruwa don a sayi kujeru da shokes ba. Allah da kansa a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 cewa ya yi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ka je gida da ƙafarka in da hali, in babu ka kira ta lokacin da ba kowa kusa da ita, ka ce Hajiya bashi ake bi na sama da miliyan, abin da zan iya kawowa kaza ne. Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya ba tare da ka ranta ba, ko dubu 80 ce ko 100. Kuma yanzu za ka faɗa tun da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya, in ka bari sai saura mako biyu ka ce babu, nan ne ka kunyata su da gaske. Za a yi surutu, wata gwaggo za ta ce Abuja ta canza ka ko matarka ta mallake ka. A yi. Uwa dai in ta ji ɗanta ba ya barci saboda bashi, da wuya ta zaɓi gado da katifa a kansa. Su ma mutanen gida ba mugunta ce ke sa su yanka maka ba, kai ne kake zuwa Sallah da mota da sabuwar shadda kana rabon 'yan dubu-dubu, ba wanda ya taɓa ce musu a Abuja haya kaɗai na cinye rabin albashi. Abin da ya fi dubu 500 ta rana ɗaya amfani shi ne ka yanka wa Hajiya wani abu duk wata, ko kaɗan ne, wanda ba ya fashi.

Yanzu ina kuɗin biyan bashin zai fito? Daga motar nan. Na san za ka ce haba Anti, to ni dai ban ga wata kadara a wasiƙarka ba sai ita, kuma ita ce ke shan mai kullum daga Kubwa zuwa cikin gari da dawowa, ga bakanike ga taya ga takardu. In ka cire kwafaretib, sauran basussukan gaba ɗaya dubu 685 ne, da wuya motar da ke tashi ta kai mutum ofis a yau ta kasa rufe wannan har da ragowa. Kar ka sayar a gigice, dillalai na jin ƙanshin mai matsuwa, ka sa wanda ya san kasuwa ya tsaya maka. Zuwa aiki kuma in ma'aikatarku na da bas ɗin ma'aikata ka bi, ko ku haɗa kuɗin mai da maƙwabcin da kuke hanya ɗaya, jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo a Mayun 2024 ma yana da tasha a Gbazango, ka duba ko lokacinsa ya dace da naka. In motar haya ce dan Allah ka shiga a tasha, kar neman arahar naira ɗari biyu ya kai ka hannun 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota.

Kuɗin na shigowa ka fara da manhajojin nan, a ranar. Dubu 15 a kan dubu 50 cikin kwana 30 kashi 30 cikin ɗari ne a wata, in ka yi ta juya shi shekara guda ka biya dubu 180 kuɗin ruwa kawai, uwar kuɗin na nan ba ta motsa ba. Ka kira su ka nemi su yafe tarar jinkiri, sau da yawa in sun ga kuɗi a ƙasa suna sassautawa, ka biya ta asusun da ke cikin manhajar ba na wani ma'aikacinsu ba, ka adana rasit, sannan ka goge su daga wayar gaba ɗaya. Barazanar tura saƙo kuwa ba su da hurumin yi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tun 2022 ta tasa irin su a gaba, ta rufe ofisoshin wasu a Legas, ta wajabta musu rajista, Google ma a 2023 ya hana manhajojin bashi shiga lambobin waya da hotunan mutane. Ka ɗauki hoton duk saƙon barazana ka kai ƙorafi, ka shiga saitin waya ka cire musu izini. Amma makaminsu na gaske kunyarka ce, in matarka da yayanta da na kusa da kai sun riga sun ji daga bakinka, saƙon ya zama fanko.

Bayan su sai mai shago, kafin abokin aikinka, kafin surukinka. Dubu 45 a wajenka ƙaramin bashi ne, a wajensa katan ɗin taliya ne da madara da sabulu da ya kasa sarowa, jarinsa ne ka riƙe. Sai abokin aiki. Yayan matarka in kuɗin ya kai ka ba shi duka, in bai kai ba ka je har gida ka ce ga rabi, sauran dubu kaza duk wata, ku rubuta a takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ga kamar rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne, alhali rashin rubutun ne ke raba zumunci. In akwai ragowa ka rage na kwafaretib, in babu ka bar shi, a dubu 55 cikin wata 11 zai mutu da kansa, sharaɗin kawai kar ka sake cike fom ɗin ƙari, har da na shinkafar azumi da na ragon layya da suke rabawa a biya a hankali. Layya ga mai hali ce.

Duk wannan in ka yi ka tsaya nan, baɗi war haka za ka sake rubuto min. Gidan nan ya fi ƙarfinka. Ni a ganina haya in ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigowa ta fara cin tuwon yara, kai taka ta haura rabi. Kafin wa'adin ya cika ka fara neman ɗaki da falo, ko a can cikin Kubwan ko Dutse ko Bwari ko Dei-Dei ko Zuba, har Madalla da Suleja ma'aikata nawa ne ke tasowa daga can kullum. Sai dai ka yi lissafi da kyau, haya da kuɗin mota tare ake auna su, ka sa kuɗin ejan da na lauya da na ajiya da na kwasar kaya, ka tambayi ruwa da wuta da tsaron unguwar, kar ka gudu daga haya mai tsada ka faɗa sayen ruwa da asibiti. Kuma daga watan da ka tare ka fara ware kuɗin hayar baɗi, a wani asusu da ba shi da kati ba shi da manhaja a wayarka, ko adashi da mutanen da ka san gidajensu ka karɓi kwasar da ta zo daidai lokacin haya. Masifar Abuja ita ce albashi wata-wata haya shekara-shekara, duk wanda bai tara ta a hankali ba dole ya ranta.

Makaranta ita ce za ta fi yi muku ciwo, na sani. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, dubu 120 ɗin nan karatu kake saye ko yunifom mai kyau da bas mai rubutu a jiki da bikin yaye ɗalibai 'yan nazire? Akwai masu sauƙin kuɗi da ke koyarwa tsakani da Allah, akwai na gwamnati na LEA, ajin cike yake da yara gaskiya, amma wasunsu malamansu sun fi na masu zaman kansu da yawa takardu. Ku zaga ku gani da idonku, ku duba littafin yaran da ke can. Yaron da uwa ko uba ke zama da shi minti talatin da daddare ana duba aikin gida, ga Islamiyya da yamma, ba zai lalace ba. Wanda ake korowa gida duk zango saboda ba a biya ba, a gaban 'yan ajinsu, shi ne abin tausayi.

Ƙananan dabarun tattali kuma ba zan cika ka da su ba, mutane sun fiye son a ce musu su rage magi da data alhali giwar tana cikin haya da mota. Amma suna taimakawa in an gyara manyan. Hatsi a saya da kaka ku raba buhu da wani, cefane a kasuwar Gosa ranar Juma'a ko Karmo maimakon ɗan tsinke-tsinke a shagon layi, tumatur da tattasai in sun yi araha a Dei-Dei a shanya ko a markaɗa a tafasa, ka tafi ofis da abincinka a kula ba abin kunya ba ne. Kuɗin cefanen mako a ciro shi a hannu a ba uwargida, don taransifa ba ta da zafin fita, sai ka ga alat kawai. Anko a ce Allah ya sanya alheri, a je da wanda ake da shi. Littafin bashin mai shago kuma a rufe shi, abin da babu kuɗinsa yau a haƙura da shi yau.

Sai gargaɗi, don wanda bashi ya shaƙe shi ne abincin 'yan damfara. Duk wanda ya zo maka da harkar sa dubu 100 ka kwashi 200 a wata, ka tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, ka tuna CBEX a Afrilun 2025, har da masu digiri da masu carbi aka wanke. Cacar ƙwallo ma haka. In ƙarin kuɗin shiga kake so, kuma ya kamata ka so, ka nemi wanda gumi ke ciki, koyar da yara lesin da yamma, wani aikin hannu ranar Asabar, ko 'yar sana'ar cikin gida in ita uwargida na da ra'ayi.

Za ka ji masu cewa ai bashi hanji ne yana cikin kowa. Gaskiya ne ba haramun ba ne, Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma duba fa, abinci ne, kuma da jingina a ƙasa. Shi ɗin dai ya yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum in bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Kai shaida ne, mutumin kirki kamarka ga shi har ka fara haɗa baki da suruki a ɓoye wa matarka magana. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Wadatar zuci da ake ta faɗa ba zama cikin talauci da naɗe hannu ba ne, a garin nan ma'anarta ka iya wucewa ta Gwarinpa da Maitama ka ga gidajen mutane ka ce Allah ya sanya albarka, ka koma ɗaki da falonka ka ci tuwonka ba mai kiran wayarka. Ka rage leƙen sitatus ɗin mutane, ba ka san me ke ƙarƙashin hoton ba, wani mai jif ɗin da kake gani da shi kuke layi a wajen sakataren kwafaretib. A ofis za a yi gulmar ka sayar da mota na mako ɗaya, sai a samu wani sabon zancen a bar naka.

Rashin barcin nan kuma kar ka raina shi. Ka je a auna jininka, hawan jini ba ya sallama. Ka riƙe addu'ar Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan har zuwa inda ake neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje, safe da yamma. In ka ji tunani ya fara kai ka wani wuri mara kyau, kar ka zauna kai kaɗai da shi, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi ko likita a ranar. In kuma bayan ka sayar da motar ka sauko da komai har yanzu da saura, wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka, ka yi wa limaminku magana a sirrance, ba roƙo ba ne.

Ka fara da uwargida a daren nan ko gobe, kafin 'yan manhaja su riga ka, Hajiya kuma kar ya wuce ƙarshen mako. In kun zauna ka sake rubuto min yadda kuka yi da batun makarantar yaran, don nan nake jin za ku fi yin gardama, kuma ka bar ta ta faɗi nata, wataƙila ta san wata makarantar da kai ba ka sani ba.